Yadda ake gane ingancin jar giyar inabi ta shekara mai kyau

Lambar shekarar da ke jikin kwalbar giyar inabi tana nufin shekarar da aka tsinki inabin daga kuranga. Ɗurawa a kwalba takan biyo baya da shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. A dokar Tarayyar Turai ba a rubuta shekara sai aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin daga girbinta ya fito. A Amurka kuwa, idan an ambaci takamaiman yankin noma mai rajista, kashi 95 ake nema. Dalilin wannan tsanani shi ne sau ɗaya kuranga take 'ya'ya a shekara, saboda haka ruwan sama da rana da sanyin waccan shekarar duk suna cikin kwalbar, babu mai iya cire su.

Sai dai idan aka ce shekara kaza ta yi kyau, maganar yanki ake yi gaba ɗayansa. Kwalbar da ke gabanka tana da nata tarihin: wanda ya yi giyar, ranar da ya tsinki inabinsa, da ɗakin da ta zauna shekara da shekaru. Shi ya sa masu aikin ɗanɗano suke bin hanya ɗaya kullum. Su fara da labarin yanayi, su karanta takardar da aka manna wa kwalba, su duba jikin kwalbar, sannan ido da hanci da baki, kuma bakin ne mai yanke hukunci.

Fara da yanayin shekarar

Gaɓoɓi huɗu ne a shekarar kuranga inda abu yake gyaruwa ko ya ɓaci. A Turai toho yana fitowa tsakanin Maris da Afrilu, kuma dare ɗaya na sanyi mai daskarewa ya isa ya ƙone shi. Haka ta faru a yankin Bordeaux a Afrilun 1991 da na 2017, ta kuma game yawancin Faransa a Afrilun 2021. Wannan ɓarna yawan amfani take fara ragewa. Ingancin yakan taɓu ne idan manomi ya dogara da toho na biyu, wanda yake fitowa a makare har kaka ta riske shi bai gama nuna ba.

Sai fure, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Ruwa da sanyi a makon fure suna sa wasu furanni su zube, 'ya'yan da suka kama kuma su fito wasu ƙanana wasu manya a nono ɗaya, nunarsu ta zo a rarrabe. Wannan yana cikin abin da ya nakasa girbin Bordeaux na 2013. Daga fure zuwa girbi manoma suna ƙirga kwana 100 ko kusa da haka.

Gaɓa ta uku ita ce lokacin da 'ya'yan suke juyewa daga kore zuwa ja, ƙarshen Yuli zuwa Agusta. A nan ana son kuranga ta ɗan ji ƙishi. Idan ruwa ya yi mata ƙaranci kaɗan, sai ta daina ƙara ganye ta mai da ƙarfinta kan 'ya'ya, su fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Ruwan cikin inabi kusan fari ne ko da inabin baƙi ne; launi da bauri da yawancin ƙamshin jar giya a ɓawo suke. Ƙaramin ɗa ke nan yana ba da ɓawo mai yawa a kan ruwa kaɗan. Amma idan ƙishin ya zama ƙuna, labari ya canja. A zafin 2003 da ya addabi Turai kurangu da yawa sun tsaya cak, tsamin inabi ya faɗi, ɓawo ya ƙone, aka sami giya da yawa masu ƙamshin zabibi da dafaffen 'ya'yan itace.

Ta ƙarshe girbi, Satumba zuwa Oktoba. Abin da ake roƙo shi ne yini mai ɗumi da dare mai sanyi, don ɗumin yini yana tara sukari, sanyin dare yana riƙe tsami. Ruwa mai yawa a makonnin ƙarshe yana kumbura 'ya'yan, ya tsarma ruwansu, ya fasa ɓawo, fumfuna ta samu ƙofa. A nan ne irin inabi yake da muhimmanci, don Merlot yana riga Cabernet Sauvignon nuna da mako ɗaya zuwa biyu. A 1998 a yankin Bordeaux, manoman Pomerol da Saint-Émilion, masu dogaro da Merlot, sun kwashe yawancin inabinsu kafin ruwan ƙarshen Satumba ya sauka, na Médoc masu jiran Cabernet kuwa ya same su a gona. Har yau an fi yaba 1998 na gefen Pomerol, alhali tazarar da ke tsakaninsu tafiyar kimanin awa ɗaya ce kawai.

Shekarun da suka yi suna a Bordeaux sun haɗa da 1945, 1961, 1982, 1990, 2000, 2005, 2009, 2010 da 2016, kuma ko su ba hali ɗaya gare su ba. Ta 2009 mai taushi ce, cike da nunannun 'ya'ya, tana ba da kai da wuri. Ta 2010 ta fi tsami da bauri, ta fi son jira. Kada ka ɗauki wannan jeri ka ɗora wa Italiya ko Sifaniya, kowane yanki da nasa saman. Ka kuma tuna cewa Ajantina da Cile da Afirka ta Kudu da Ostireliya suna girbi tsakanin Fabrairu da Afrilu, don haka giyarsu ta girmi ta Turai mai lamba ɗaya da rabin shekara. A 'yan shekarun nan an ƙara tambaya guda: an yi gobarar daji kusa da gonakin? Hayaƙi yana shiga ɓawon inabi ya fito a giya da ɗanɗanon toka, kamar yadda ya faru a sassan Kalifoniya da Ostireliya a girbin 2020.

Takarda da jikin kwalba

Abu biyar za ka nema a takarda: mai yin giyar, yanki, irin inabi, shekara, da ƙarfin barasa. Kwalaben Turai sau da yawa ba sa faɗin irin inabi, sunan wuri ne yake tsaya masa. Jar giyar Bourgogne daga Pinot Noir take, Barolo daga Nebbiolo, Brunello di Montalcino daga Sangiovese, Rioja yawanci Tempranillo, Médoc kuma gauraye ne da Cabernet Sauvignon da Merlot suke ja gaba. Sanin wannan dole ne, don kowane iri da mudunsa ake auna shi. Hasken launi a Pinot Noir halitta ce, a sabon Cabernet kuwa alamar tambaya ce.

Wasu sunaye suna faɗa maka tsawon ajiya. Barolo ba ya fita sai ya yi wata 38, aƙalla 18 daga ciki a gangar katako. Jar Rioja mai sunan Reserva tana yin shekara 3, ɗaya a ganga; Gran Reserva shekara 5, aƙalla 2 a ganga. Lokaci kaɗai waɗannan kalmomi suke tabbatarwa, daɗi sai an buɗe. Ƙarfin barasa shi ma ɗan leƙen asiri ne a kan yanayi: kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya ne yake zama kashi 1 na barasa idan yis ya cinye shi. Giya mai kashi 12.5 da mai kashi 15 daga gona ɗaya suna ba ka labarin bazara biyu mabambanta tun kafin ka buɗe.

A ganinmu sunan mai yi ya fi lambar shekara nauyi. Gwani a shekara mai rauni yana tsince ruɓaɓɓun 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ya rage yawan abin da zai sa wa babban sunansa, ya tura sauran zuwa giya ta biyu, kamar yadda a Bordeaux Château Latour yake da Les Forts de Latour, Lafite kuma yake da Carruades. Malalaci a shekara mai kyau yana iya barin kuranga ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta ya fitar da giya salam. Jerin darajojin da aka yi wa gonakin Bordeaux a 1855 saboda baje kolin Faris, bisa umarnin Napoleon na Uku, yana nan har yau kusan yadda yake; babban canjin da aka yi masa shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa sahun farko a 1973. Yana da amfani a matsayin jagora, amma a shekara sama da 160 gonaki sun canja hannu, wasu sun tashi wasu sun yi sanyi.

Yanzu ɗaga kwalbar a tsaye gaban haske ka ga inda giyar ta tsaya. A kwalba mai kafaɗa irin ta Bordeaux, giyar da ba ta wuce shekara 10 zuwa 15 ba ya kamata ta kasance a cikin wuya. Bayan shekara 20 ba laifi ta sauko gindin wuya ko saman kafaɗa. Tsakiyar kafaɗa caca ce, ƙasan kafaɗa kuwa yawanci iska ta riga ta gama da ita. Kwalba mai gangaren wuya irin ta Bourgogne da santimita ake auna ta daga ƙasan toshiya: 3 ko ƙasa da haka babu damuwa, abin da ya haura 5 sai a yi hattara. Sannan danna saman murfin da babban yatsa. Toshiyar da ta ɗago sama da bakin kwalba, ko busasshen sawun giya mai danƙo a wuya, shaidar zafi ce: giya ta kumbura ta turo toshiya, da ta huce kuma ta zuƙo iska.

Shirin buɗewa

Tsohuwar giya tana tara guggubi, wato launi da tanin (sinadarin da ke kawo bauri) da suka haɗe suka kwanta. Ka tsai da kwalbar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ranar buɗewa don ya sauka gindi.

Zafin giyar shi ne inda aka fi kuskure. Mai nauyi kamar Cabernet ko Barolo tana son digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyus, Pinot Noir 14 zuwa 16. Da ta haura 20 barasa take fitowa gaba ta soki hanci, ƙamshi ya dagule. Idan ta sauka ƙasa da 12 ƙamshi ya kulle, bauri ya yi kaushi, ka zalunci giyar da ba ta yi laifi ba. Idan ɗakin da ɗumi, minti 20 zuwa 30 a firiji ya wadatar. Gara ta zo da ɗan sanyi, don tana ɗumama a kofi cikin 'yan mintoci.

Kofin ya zama na gilashi garai-garai, mai ƙafa, mai faɗin ciki da tsukakken baki. Kofin gwaji na ƙa'idar ISO ta ƙasa da ƙasa yana cin kimanin mililita 215, ana zuba masa 50. A babban kofi kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku. Sansana kofin tun yana wofi, don warin sabulu ko na kabad ya sha ɓata sunan giya mai kyau. A ɗakin kada a sami turare ko hayaƙin girki. Ka tanadi farar takarda, ruwan sha, busasshen burodi marar zaƙi, da mazubin tofarwa. Ka bar awa ɗaya tsakaninka da man goge baki, kofi, yaji ko taba.

Yanke ledar murfin a ƙasan leɓen kwalba, ka goge bakin da tsumma mai tsabta. Murɗa mabuɗin a tsakiyar toshiya daidai, ka tsaya kafin ya huda ƙasa, ka ja a hankali. Toshiyar da ta haura shekara 20 takan yi rauni ta farfashe. Ga irinta an fi son mabuɗi mai harsuna biyu da ake cusawa tsakanin toshiya da gilashi a juya a zaro. Idan ta marmashe ta faɗa ciki, tace giyar da ƙyalle mai tsabta marar ƙamshi. Ɓurɓushin toshiya ba ya ɓata ɗanɗano.

Kafin ka juye giya a butar gilashi, zuba kaɗan ka ɗanɗana, don dalili biyu ne suke sa a juye kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Tsohuwa ana juye ta don raba ta da guggubi: kunna kyandir ko tocila a ƙarƙashin kafaɗar kwalba, ka zuba a hankali ba tsayawa, da ka ga baƙin zare ya iso wuya ka dakata. Abin da zai rage bai fi tsawon yatsa biyu a kwance ba. A yi wannan dab da sha, don giya mai shekara 30 tana iya buɗewa ta mutu cikin awa ɗaya. Sabuwa mai tauri kuwa iska ake nema mata, sai a kwarara ta da ƙarfi a bar ta awa ɗaya zuwa biyu. Tsohon Pinot Noir yawanci daga kwalba zuwa kofi ya fi masa, ƙamshinsa ba ya jure dogon zama.

Ido

Wannan mataki gajere ne. Karkata kofin a kan farar takarda ka dubi tsakiya da gefe. Sabuwar giya ja ce mai ɗaukar shunayya har baki. Da shekaru gefen yana komawa jan bulo, sannan ruwan goro, a ƙarshe ruwan ƙasa. Nebbiolo yana yin ruwan goro tun yana matashi, kada wannan ya ruɗe ka. Amma Cabernet mai shekara 5 da ya yi ruwan ƙasa ya tsufa kafin lokacinsa. Hawayen da ke gangarowa a jikin kofi yawan barasa kawai suke nunawa. Ƙananan duwatsu masu ƙyalli a ƙasan toshiya gishirin tsamin inabi ne, ba sa cutarwa. Giyar da ta gurɓace tana kumfa kuwa ta sake tsimuwa a kwalba, wannan aibi ne.

Hanci

Sansana sau ɗaya tun ba ka kaɗa kofin ba, kana neman aibi kafin ka nemi kyau. Wanda ya fi yawa shi ne warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da danshi ya kama. Sinadarin TCA ne, wanda yake samuwa idan fumfuna ta haɗu da sinadarai masu kulorin a jikin toshiya, kuma hanci yana kama shi ko da 'yan nanogiram ne a lita. Mugun halinsa shi ne idan kaɗan ne ba ya wari sosai, sai dai ya shanye ƙamshin 'ya'ya ya bar giyar shiru, mutum ya ɗora laifin a kan shekarar. Iska ba ta gyara shi, ƙara fito da shi take yi. Idan kana shakka, rufe kofin ka dawo bayan minti 10.

Giyar da iska ta shiga tana warin tuffar da ta bugu ta yi baƙi, launinta ya dushe. Mai warin binega ko ruwan goge jan farce, ƙwayoyin tsami ne suka taɓa ta; kaɗan yana ɗaga ƙamshi, idan ya soki hanci ya zama aibi. Warin garke, gumin doki ko filastar asibiti daga wani yis ne mai suna Brettanomyces da yake maƙalewa a tsofaffin ganguna. Akwai masu son ɗigonsa, mu dai ma'auninmu shi ne idan ya rufe 'ya'ya ya busar da ƙarshen ɗanɗano, giyar ta ɓaci. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, roba ko ashanar da aka ƙyasta daga ƙarancin iska yake zuwa, kuma shi ne wanda yakan tafi idan aka kaɗa kofin ko aka juye giyar aka jira minti 15 zuwa 30.

Idan babu ko ɗaya, ajiye ƙafar kofin a tebur ka juya shi sau uku ko huɗu, ka sa hanci ciki ka ja gajerun numfashi biyu ko uku. Dogon ja yana gajiyar da hanci. Ƙamshin hawa uku ne. Na farko na inabin ne da yanayin shekarar. Cabernet yana ba da baƙin kurant, wani ƙaramin ɗan itace da Faransawa ke kira cassis, da itacen al'ul, da fiƙar fensir. Pinot Noir ceri da sitiroberi. Syrah masoro. Nebbiolo furen wardi da kwalta. A nan ne shekarar take tona kanta: ƙamshin ɗanyen tattasai da ganye mai ƙarfi yana nufin inabi bai gama nuna ba, zabibi da busasshen ɓaure suna nufin ya wuce gona da iri. Shekara mai kyau tana tsakani, 'ya'ya nunannu amma kamar yanzu aka tsinko su.

Hawa na biyu na ganga ne. A Bordeaux gangar itacen oak tana cin lita 225, manyan giya kuma sukan yi kusan wata 18 a ciki. Daga nan banila da kanumfari da gasasshen kofi da hayaƙi suke zuwa, oak na Amurka kuma yakan ƙara ƙamshin kwakwa. Tambayar ita ce ko katakon yana bayan 'ya'yan ko ya sha gabansu. Sabuwar ganga a kan giya marar ƙarfi ado ne da ba ya ɓoye rama. Hawa na uku na shekaru ne: jemammiyar fata, busasshiyar taba, naman kaza, ganyen da ya zube ya jiƙe. Giya tana kan ganiyarta ne sa'ad da wannan hawa ya fito amma 'ya'yan ba su tafi ba.

Baki

Kurɓi kimanin cokalin shayi biyu. Juya ta ko'ina, har dasashi da cikin kumatu, ka ɗan tsuke leɓe ka zuƙo iska ta samanta don ƙamshi ya hau hanci ta baya. Riƙe sakan 5 zuwa 10 ka tofar. Masu wannan aiki tofarwa suke yi, don barasa tana dusashe hukunci tun daga kofi na biyu ko na uku. Kurɓin farko na daidaita baki ne, a na biyu ake aunawa.

Fara da tsami. Bayan tofarwa sunkuyar da kai ka ɗan buɗe baki, ka ga yadda miyau yake tsattsafowa. Yawan miyau, yawan tsami. Kusan kowace jar giya an bar ƙwayoyin halitta sun juya kakkausan tsaminta irin na ɗanyar tuffa zuwa mai taushi irin na madara, saboda haka abin da ake so shi ne tsamin da yake wartsake baki ba tare da ya dasa haƙori ba. Giyar da tsaminta ya gaza tana zama a harshe a kwance, tana gundura, kuma ba ta daɗewa a ajiya.

Sai bauri, kuma a nan ne mafi yawan hukuncin yake. Tanin yana fitowa daga ɓawo da ƙwallon inabi da tsinkensa da kuma ganga. Yana kama furotin ɗin miyau, santsin baki ya tafi, harshe da dasashi su bushe. Wanda bai saba ba ya jiƙa baƙin shayi minti 10 ya kurɓa ba sukari, zai gane shi ya kuma bambanta shi da ɗaci. Tambaya biyu ake yi, kuma ta biyun ta fi: nawa ne yawansa, kuma wane iri ne? Shafa harshe a dasashin sama. Nunannen tanin yana da laushi kamar lallausan gari, yana rufe baki ko'ina daidai, 'ya'ya suna biye da shi. Ɗanyen tanin yana da kaushi, yana maƙalewa a dasashin gaba, yana barin ɗaci a maƙogwaro. Bambancin yana da girma saboda abin da lokaci zai yi musu. Nunannen tanin komai yawansa yana laushi da shekaru, wani ya zube ya zama guggubi. Ɗanye kuwa abin da bai samu a kuranga ba ba zai samu a kwalba ba. 'Ya'yan za su shuɗe shi yana nan, bayan shekara 15 ka buɗe busasshiyar giya. Da yawa sun ajiye kwalabe masu kaushi da zaton jira zai gyara su. Abin dubawa shi ne ko a bayan taurin akwai nama.

Naman nan shi ne tsakiyar ɗanɗano. Bi giyar daga shigarta har fitarta. Akwai mai shigowa da ƙarfi, ta ɓace a tsakiyar harshe kamar an tsarma ta da ruwa, sannan bauri ya dawo shi kaɗai a ƙarshe. Wannan rami alamar ruwan girbi ce ko kurangar da aka ɗora wa kaya fiye da kima. Mai kyau tana cika bakin daga farko zuwa ƙarshe ba giɓi. Barasa kuma ɗumi ya kamata ta zama. Idan ta ƙona maƙogwaro ta fi ƙarfin sauran. Akwai mai kashi 15 da ba a jin barasarta saboda 'ya'ya sun ɗauke ta, akwai mai 13.5 da take zafi saboda babu abin da ya rufe ta.

Daga nan ƙirga. Bayan tofarwa, sakan nawa ɗanɗanon 'ya'ya da ƙamshi yake zama? Faransawa suna kiran kowane sakan caudalie. Zafin barasa da bushewar bauri ba sa cikin lissafi, daɗin kaɗai ake ƙirgawa. A ƙiyasi, ƙasa da sakan 5 giya ce ta yau da kullum, 10 zuwa 15 mai kyau ce, wadda ta kai 30 ko ta wuce tana cikin manya. Duk cikin ma'aunan wannan ne ya fi wuyar ƙirƙira a ɗakin sarrafawa. Ana iya ƙara launi, ana iya ƙara katako, tsawon ɗanɗano kuwa daga gona yake zuwa.

Yanke hukunci da lokacin sha

Rubuta abin da ka ji nan take, da sunan giyar da shekara da ranar buɗewa. Ka amsa wa kanka: tsami da bauri da barasa da 'ya'ya sun daidaita, ko ɗaya ya yi tsini? Ɗanɗanon ya daɗe? Ƙamshin iri ɗaya ne, ko yana canjawa duk lokacin da ka koma? Ta yi kama da irinta da yankinta? Koma wa kofin bayan minti 15, bayan rabin awa, bayan awa ɗaya. Ƙaramar giya tana faɗin duk abin da ke bakinta a minti na farko, babba tana ƙara buɗewa.

Akwai tarko guda. Manyan giya sukan kulle 'yan shekaru bayan ɗurawa: ƙamshin ƙuruciya ya ja baya, na girma bai iso ba, sai tsami da bauri kawai. Hanyar bambanta kullalliya da marar komai ita ce tsakiya da tsawo. Kullalliya hancinta shiru amma tana da nauyi a harshe kuma tana daɗewa. Wani gwajin shi ne a mai da toshiya a bar rabin kwalba zuwa washegari. Idan ta fi daɗi a rana ta biyu, tana da sauran shekaru a gaba. Manyan giyar Médoc na shekara mai ƙarfi sukan nemi shekara 10 zuwa 20, na shekara mai sauƙi suna shirye da wuri, su ake sha yayin da ake jiran waɗancan. Wanda yake da kwalba 12 iri ɗaya ya buɗe ɗaya duk shekara biyu ko uku yana kwatanta rubutunsa.

Don koyon halin shekara, jera giyar gona ɗaya ta shekaru uku ko huɗu, sai ka ga abin da yanayi kaɗai ya canja. Ko ka jera gonaki daban-daban na yanki ɗaya a shekara ɗaya, sai hannun masu yi ya fito. Kofi 6 ya ishi mai koyo a zama ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. A naɗe kwalaben a takarda wani ya zuba, don suna yana rinjayar harshe fiye da yadda mutum yake yarda. A gwajin da Steven Spurrier, wani ɗan Ingila mai sayar da giya, ya shirya a Faris a 1976, alƙalai Faransawa da ba su ga takarda ba sun sa Cabernet na Stag's Leap Wine Cellars na 1973 daga Kalifoniya a gaban manyan giyar Bordeaux, Mouton Rothschild da Haut-Brion na 1970.

Kwalaben da za a ajiye su kwanta a gefe don toshiya ta zauna a jiƙe, a wuri mai duhu marar girgiza, digiri 12 zuwa 14, da danshi kimanin kashi 70. Hawa da saukar zafi ya fi ɗan ɗumi mai ɗorewa ɓarna, don shi ne yake sa kwalba ta riƙa shaƙar iska ta toshiya. Babbar kwalba mai lita 1.5 ta fi mai mililita 750 jinkirin tsufa, saboda iskar wuyansu kusan ɗaya ce amma giyar ninki biyu. Ragowar kwalbar da aka buɗe a juye ta a ƙaramar kwalba mai mililita 375 har wuya, a toshe, a sa firiji. Sabuwar giya tana kai kwana biyu zuwa uku a haka, a fito da ita rabin awa kafin a zuba. Wadda ta haura shekara 20 ba ta kwana, a ranar da aka buɗe ta ake gamawa da ita.